Bargon Sunaye: Aikin Allura Don Tunawa Da Waɗanda Yaƙi Ya Ci

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ofis ya san jimla daban, jerin suna daban. A zamanin En'e, in an kawo kuɗin haraji baitulmali ba a yarda da jimla kurum, sai an ga ta yi daidai da sunayen masu biya da ke cikin littafin kowane dagaci. Haka kuma malamin makaranta ba ya leƙa aji ya ce yau yara 40 ne ya wuce abinsa, sai ya buɗe rajista ya kira su ɗaya ɗaya, kowa ya amsa. Dalili kuwa a fili ya ke. Ɓarna ta kan sami wurin ɓuya cikin jimla, amma ba ta samu cikin jerin suna.

To, wannan ƙa'ida da mu ke kiyayewa a kan kwabo da sisi, mun sake ta a kan rayukan mutane. In an faɗa wa wani ƙauye da dare, gari na wayewa sai mu ji rediyo ta ce an kashe mutum kaza, jarida kuma ta faɗi wani adadi dabam, a yi jana'iza, a yi ta'aziyya, a watse. Bayan shekara 10, in ka nemi wanda zai jera maka sunayen mutanen nan, da ƙyar za ka samu, gama iyalansu ma gudun hijira ya warwatsa su. Saboda haka muka ga ya dace mu ba masu karatu labarin waɗansu mata na ƙasashen nesa waɗanda suka ƙi yarda sunayen matattunsu su ɓace, suka kuwa tsare su da abin da kowane gida ke da shi, watau allura da zare. Sa'an nan mu komo gida, mu dubi ƙasar 'Yandoto, wato Tsafe da Gusau da Bungudu, mu ga ko akwai abin koyi.

MATAN BOSNIYA

Bosniya ƙaramar ƙasa ce a kudu maso gabashin Turai, mutanenta da yawa Musulmi ne. Da can tana cikin tarayyar Yugoslabiya. Da tarayyar ta wargaje sai yaƙi ya ɓarke a cikinta, daga 1992 har 1995. A gabashin ƙasar akwai wani gari tsakanin duwatsu wai shi Srebrenica, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 1993 ya zama tudun mun tsira, ta kuma sa sojojinta su tsare shi. Mutanen ƙauyuka suka yi ta kwarara can suna neman mafaka. Ran 11 ga Yuli 1995 sojojin Sabiyawan Bosniya, ƙarƙashin Janar Ratko Mladic, suka shiga garin, masu tsaron ba su hana ba. Aka ware maza gefe guda, aka zuba mata da ƙananan yara a motoci aka kore su wajen birnin Tuzla. Cikin 'yan kwanaki aka kashe maza fiye da 8,000, tsofaffi da magidanta da samari, waɗansu an kama su nan take, waɗansu kuwa a daji suna gudu.

Aka zuba gawawwakin cikin manyan ramuka. Bayan 'yan watanni, don a ɓatar da sawu, aka zo da katafila aka tone ramukan, aka kwashe abin da ke ciki aka sake binnewa a waɗansu wurare. Shi ya sa daga baya a kan sami ƙasusuwan mutum ɗaya a rami 2 ko 3. Ku duba halin da matan nan suka shiga. Mace ta rasa miji da 'ya'ya, ba gawa, ba kabari, ga kuma waɗanda suka yi aikin suna rantsuwa ba a yi ba.

Abin da Majalisar da mu ke kira ta ɗinkin duniya ta kasa tsarewa, sai masu ɗinkin gida suka tashi su tsare abin da ya saura daga gare shi. Matan suka ɗauki al'adar fitowa ran 11 ga kowane wata a Tuzla, su tsaya a dandali, kowace riƙe da rigar matashin kai wadda aka ɗinka wa sunan mutuminta da shekarar haihuwarsa da garinsu. A kan ƙulla rigunan baki da baki su zama dogon layi, mai wucewa ya karanta da idonsa.

Akwai kuma wata ƙungiyar mata a Tuzla ɗin mai suna Bosfam, wadda aka kafa a 1994. Shugabarta, Beba Hadzic, da can shugabar makaranta ce a Srebrenica, watau 'yar'uwarku ce a sana'a, ku malamai. Ta tara matan da yaƙi ya raba da gidajensu suna saƙa darduma da rigunan sanyi, don su sami na cefane, don kuma kada kowace ta zauna ita kaɗai tunani ya cinye ta. A 2007 suka fara wani aiki sabo. Mace ta saƙa ƙyalle ɗaya mai kusurwa huɗu, da sunan mamaci ɗaya a tsakiya, da irin adon da a ke yi wa dardumar ƙasarsu a gefe, sa'an nan a harhaɗa ƙyallayen su zama bargo guda. An yi barguna da dama haka, an kai su har Amurka an nuna wa jama'a.

Ba mu ce bargo ne ya kama masu laifi ba. Wannan aikin masu bincike ne da alƙalai. Ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta an gane mutum kusan 7,000 daga cikin ƙasusuwan. A 2003 aka buɗe maƙabarta a Potocari, inda a kan binne waɗanda aka gane ran 11 ga Yuli kowace shekara, an kuma sassaƙa sunayen a dutse. A 2017 kotun duniya da ke birnin Heg ta yanke wa Mladic ɗaurin rai da rai, a 2024 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta mai da 11 ga Yuli ranar tunawa da wannan kisan ƙare dangi. Amma duk tsawon shekarun nan da a ke jira, matan ne suka hana maganar ta kwanta. Mai musu yana iya ja da jimla, ya ce an yi ƙari. In an miƙa masa suna da shekara da gari, ga kuma uwar mai sunan tsaye a gabansa, sai bakinsa ya mutu.

BA SU KAƊAI BA NE

Wannan dabara ta girmi yaƙin Bosniya. Da Japan ta ci Singafo a watan Fabrairu 1942, ta tsare matan Turawa a kurkukun Changi, mazansu kuwa a wani sansani dabam, ba mai jin labarin wani. Sai wata mata 'yar Kanada, Ethel Mulvany, ta kawo shawara a ɗinka barguna wai don majinyata a asibitin soja. Aka ba kowace mace ƙyalle mai inci 6 ta kowane gefe, ta ɗinka ɗan ado da sunanta. Aka yi bargo 3, kowane da ƙyalle 66, ɗaya don Ingilishi, ɗaya don mutanen Ostareliya, ɗaya kuma don Japanawa, domin masu tsaro su bari a wuce da su. Nufin kuwa shi ne mazan su ga sunayen su san wa ke da rai. Biyu daga cikin bargunan suna gidan tunawa da yaƙi na Ostareliya a Kanbera, ɗayan yana hannun ƙungiyar agaji ta Red Cross a Ingila.

A Cile kuma, ta Amurka ta Kudu, bayan juyin mulkin Janar Pinochet a 1973, mutane fiye da 3,000 aka kashe ko aka ɓatar. Matansu da uwayensu suka riƙa taruwa ƙarƙashin inuwar cocin Katolika suna ɗinka labarin abin da ya same su a bayan tsumman buhu, wani lokaci da ƙyallen rigar shi wanda ya ɓace. Aka riƙa fitar da ɗinkin waje a sayar, duniya ta ga abin da jaridun ƙasar ba su da ikon bugawa.

YAƘE-YAƘEN ƘASAR 'YANDOTO

Yanzu mu komo gida. Matafiyin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, in ya wuce Tsafe zai bi ta 'Yandoto, watakila ma bai waiwaya ba. Amma gari ne mai tsohon suna. Tun kafin jihadi ya shahara da malamai da almajirai da fatake, yana cikin yankin da a ke kira Katsinar Laka. Labarin da Katsinawa suka gada ya ce daga nan Muhammadu Korau ya fito, wanda ya ka da Sanau ya zama Sarkin Katsina na farko Musulmi, a ƙarni na 15.

Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, malaman 'Yandoto suka rabu, waɗansu suka bi Shehu, da yawa kuwa suka ƙi. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya zo da runduna, sulhu bai yiwu ba, ya ci garin, jama'arsa ta watse. Bello ya ba da labarin ta nasa gefen cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, masana na baya kuma, irin su Dokta Yusufu Bala Usman, sun sake duban al'amarin. Ba mu zo don mu yi hukunci tsakanin magabata ba. Abin da mu ke so a lura da shi shi ne abin da ya tsira da abin da bai tsira ba. Sunan garin ya tsira, har yau sarkin Tsafe 'Yandoto a ke ce masa. Sunan Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu wanda ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, ya tsira, zuriyarsa na riƙe da sarautar Sarkin Katsinan Gusau, kamar yadda Bungudu ke da Sarkin Fulani. Almajirai da manoma da masaƙan da suka faɗi a kowane gefe kuwa, sun tafi da sunayensu.

Bayan shekara 100 da 'yan kai sai ga yaƙe-yaƙen Turawa. An ɗebi samari daga lardunan Arewa, har da Lardin Sakkwato wanda ƙasar nan ke ciki a lokacin. A yaƙin duniya na farko sojan Nijeriya sun yi faɗa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sa'an nan a Afirka ta Gabas, tare da dubban masu ɗaukar kaya. A na biyu kuwa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun shiga dazuzzukan Bama, wadda yanzu a ke kira Myanmar, suka yi faɗa a kwarin Kaladan a 1944, suka ci Myohaung a watan Janairu 1945. Wuraren faɗan mun riƙe su, gama da su aka raɗa wa barikokin soja suna, ga Kalapanzin a Kaduna, ga Myohaung a Legas. Mutanen da suka faɗi a can ba a ga kabarinsu ba, sunayensu na cikin suna kusan 27,000 da aka sassaƙa a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, inda da wuya wani jikansu ya taɓa sa ƙafa. Da yawa daga cikin na yaƙin farko ma ba su sami ko wannan ba. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojan ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa mutum 116,000 aƙalla, watakila har 350,000, galibinsu 'yan Afirka da Misirawa, ba a tuna da su da suna ba, waɗansu ma ba a tuna da su ko kaɗan. Sai kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda saboda ranar ƙarewarsa a ke tunawa da 'yan mazan jiya ran 15 ga Janairu.

Na ƙarshe shi ne wanda raunin sa bai warke ba. Tun daga wajen 2011 rikicin 'yan bindiga ya addabi Jihar Zamfara, ko an kira shi yaƙi ko ba a kira ba, zawarawa da marayu ya ke bari kamar kowane yaƙi. A watan Yuni 2013 an kashe mutum 48 a Kizara ta ƙasar Tsafe cikin hari ɗaya. A watan Afrilu 2014 aka faɗa wa 'Yar Galadima ta ƙasar Maru, lissafin da aka bayar ya sha bamban, daga ƙasa da 100 har zuwa 200, abin da ke nuna mana aibin jimla marar jeri. Kwamitin da gwamnatin jihar ta naɗa a 2019, ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar, ya ce daga 2011 zuwa 2019 an kashe mutum 6,319, mata 4,983 sun zama zawarawa, yara 25,050 sun zama marayu. An kuwa ci gaba da kashe-kashen bayan rahoton.

Ku malaman lissafi, ga aiki ku ba yara. In kowane ɗaya daga cikin mutum 6,319 ya sami ƙyalle guda, aka jera ƙyalle 8 a tsaye 8 a kwance cikin kowane bargo, watau 64, bargo nawa ke nan? Amsa ita ce 99. Bargo 99 cike da sunaye, na shekara 8 kaɗai, a jiha ɗaya.

SANA'AR BA BAƘUWA BA CE

Wani zai ce ai wannan aikin matan Turai ne, ina ruwan Bahaushe da shi? Amsar tana filin hawan salla. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan lifida ya ga irin ɗinkin nan da idonsa. Lifidi ba kome ba ne illa zane biyu da aka cusa wa auduga, ko audugar rimi, a tsakani, aka bi da allura layi layi don kada cushen ya tattaru wuri ɗaya, bayansa kuwa a kan harhaɗa ƙyallaye ja da rawaya da baƙi don ado. A rufe doki da shi, a rufe mahayi, a ɗora masa kwalkwali, kibiya mai dafi ta zo ta kafe cikin auduga ba ta kai ga fata ba. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke ƙasar Hausa. Ashe shekara 600 ke nan maɗinkanmu na harhaɗa ƙyalle saboda yaƙi. Da sun yi don su tsare jikin mai rai, yanzu kuwa abin da a ke nema wurinsu shi ne su tsare sunan wanda ya faɗi.

Kayan aiki ma ba sai an aika waje ba. Ƙasar nan ƙasar auduga ce tun kaka da kakanni. Saboda auduga da gyaɗa aka ja dogo ya bi ta Tsafe da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, saboda ita aka kafa masaƙar Zamfara a Gusau a shekarun 1960, ko da ya ke injunanta sun daɗe da yin shiru. Hannuwa dai ba su mance ba. Maza na yi wa babbar riga aska biyu da aska takwas, mata cikin gida na ɗinkin hula da adon zanen gado, kowane tela kuma na zubar da ragowar yadi kullum wanda zai isa a yi ƙyalle goma.

ABIN DA BAKI BA YA FAƊI

Akwai wani dalili na cikin gida da ya sa aikin nan zai fi amfani wurinmu bisa ga wurin waɗancan. Mu mutane ne masu alkunya. Matar kirki ba ta faɗin sunan mijinta, sai ta ce maigida, ko malam, ko baban wane. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle a gidan Fulani inda kunyar ta fi tsanani. Ga mace an kashe mata miji da ɗan fari rana ɗaya, ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ta fita, tana ɗauke da suna biyu a zuci waɗanda bakinta bai saba furtawa ba. Kabarinmu kuma tudun ƙasa ne da ɗan icce ko katangar tukunya a kai, damina kaɗan ta baje shi.

Da can muna da maganin mantuwa. In an haihu a gidan sai a mai da sunan mamacin, a riƙa ce wa yaro Abba ko Baffa ko mai sunan malam, yarinya kuma Ummi. Amma wannan magani sai gida na tsaye ya ke aiki. In an kashe magidanta da yawa dare ɗaya, ƙauye ya tashi, wannan ta nufi Gusau, waccan ta nufi Funtuwa, yara sun shiga bara, wa zai mai da sunan wa?

Alkunya ta hana baki, ba ta hana hannu ba. Matar da ba za ta furta sunan ba tana iya ɗinka shi. In ba ta iya rubutu ba, malama ko 'yar makaranta ta zana mata shi da fensir a kan ƙyallen, da ajami ko da boko, ita kuwa ta bi sawun da zare. Da haka ma wata za ta fara gane baƙaƙe, kamar yadda iyayenmu suka fara da rubuta sunansu a azuzuwan Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950.

MASU JA DA MAGANAR

Mun san akwai masu ja, maganarsu kuwa ba ta banza ba ce. Na farko su ne waɗanda za su ce addini ya hana kururuwa kan mamaci, ya hana gine-gine kan kabari. Gaskiya ne, wannan aiki kuwa ba ɗaya daga cikin biyun ba ne. Rubuta sunan wanda ya faɗi a yaƙi gadonmu ne. Marubuta tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun jera shahidan Badar 14 da na Uhudu 70, kowa da sunansa da kabilarsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, cikin Tazyinul Waraƙati, ya yi wa abokansa da suka faɗi a yaƙe-yaƙen jihadi marsiyya yana ambaton su da suna, Nana Asma'u kuma ta yi wa mutane da yawa, maza da mata. Sai dai a kiyaye iyaka. Kada a zana surar mutum, kada a mai da bargon abin neman tubarraki. Tun da ya ke kuma cikin sunayen akwai irin su Abdullahi da Abdurrahman, ba a shimfiɗa shi ƙasa, ba a zama a kai, sai a rataye shi ko a naɗe a ajiye. A fara da shawarar limamin gari da malamansa kafin a sa zare a allura.

Na biyu su ne masu cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, jera sunaye zai ta da tsohon miki ya jawo ramuwar gayya. Wannan tsoro ya fi na farko nauyi. Amma mu lura, mikin da ba a buɗe an wanke ba shi ke ruɓa. Yau kowane ɓangare nasa matattun kaɗai ya ke ƙirgawa. Manomi ya san waɗanda 'yan bindiga suka kashe a gona da masallaci. Makiyayi ya san waɗanda 'yan sa-kai suka kashe a kasuwa ba shari'a. Matar soja da ta ɗan sanda ta san nata. In bargon ya zama na ɓangare ɗaya, lalle tuta ce ta faɗa aka ɗinka, gara a bari. Sharaɗinsa shi ne ya ɗauki kowa, Bahaushe da Bafillace, Musulmi da Kirista, talaka da mai kaki, kowa ƙyallensa daidai da na ɗan'uwansa. Kuma sunan wanda aka kashe kaɗai a ke ɗinkawa. Wanda ya yi kisan, wannan maganar alƙali ce.

AIKIN AKAWU DA MALAMI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata su ne masu allura, amma aikin ba ya tsayawa sai da littafi a bayansa, littafi kuwa naku ne, ku akawunan ƙananan hukumomi da na fadar hakimai, da ku malaman makaranta. Ga yadda mu ke ganin ya kamata a bi.

Da fari a buɗe littafi a kowace gunduma, a rubuta sunan mamaci da na mahaifinsa, da garinsu, da sana'arsa, da ranar da aka kashe shi da wurin. Kada a shigar da suna sai mai unguwa ko limami da wani dattijo sun shaida, gama suna ɗaya na ƙarya ya isa ya ba mai musu abin kamawa. A yi kofi biyu, a ajiye su wuri dabam dabam.

Na biyu, ba a ɗinka sunan kowa sai da yardar iyalinsa. Wanda ke tsoron abin da zai biyo baya a ƙyale shi, a bar masa farin ƙyalle a gurbinsa har ran da hankali ya kwanta. A fara aikin cikin manyan garuruwa inda masu gudun hijira suka taru, kada a yi shela a ƙauyen da ke bakin daji.

Na uku, girman ƙyalle ya zama ɗaya, taƙi guda ta kowane gefe ya isa. In akwai ragowar rigar mamacin ko rawaninsa ko zanenta, a yanko daga ciki. Wanda ya so ya sa alamar sana'a, fartanya ga manomi, sanda ga makiyayi, allo ga almajiri. Kowane ƙyalle a ba shi lamba daidai da lambar sunan a littafi.

Na huɗu, a sami ɗaki a makarantar 'yan mata ko ta Islamiyya, rana ɗaya a mako, mata su taru su yi ɗinkin tare. Matan Tuzla sun ga amfanin zaman kansa, gama wadda ta zauna kusa da mai irin ciwonta ta kan sami sauƙi. In kuwa an haɗa da ɗinkin hula da zanen gado na sayarwa, bazawara ta koma gida da abin sayen hatsi.

Daga ƙarshe, in bargo ya kammala a rataye shi inda yara za su gani, malamin tarihi ya tsaya da su a gabansa su karanta. Yaron da ya karanta sunan manomi da na makiyayi a jere cikin bargo ɗaya ya koyi darasin da ba ya cikin manhaja.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Sunayen mutanen 1806 sun riga sun wuce mu, na Kamaru da Bama saura kaɗan. Na 2011 zuwa yau kuwa, waɗanda suka san su suna nan da rai, waɗansu na zaune a kangwaye da tashoshin mota cikin Gusau da Tsafe, kowace shekara kuma mutuwa na rage su. Wanda ke da alƙalami ya fara tambaya tun yau, mai allura za ta biyo. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba iyalansu haƙuri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.